Ranar da Mijina Ya Yi Gadin Itacen Mayu

Shekara talatin da huɗu ke nan ina auren Korbinian Haslbeck, wanda kowa ke kira Korbi, kuma har yau ban ji aikin da ya ce bai iya ba. In ka ce rufin gidanka na yoyo, shi ya koya wa mai rufin sana'a. In ka ce haƙorinka na ciwo, ya taɓa cire wa wani soja uku da filaya. Shekara ashirin da shida ya yi a siton kayan gyaran hanya yana miƙa wa leburori shebur da tsintsiya, amma in ka ji shi a majalisarsu sai ka rantse shi ya shimfiɗa babbar hanya daga Munich har bakin teku. Abu biyu ya fito da su daga aikin nan: falmaran mai ruwan lemo irin ta ma'aikatan titi, wadda bai mayar ba, da tsoron takarda mai hatimi. Ni sai in yi masa magana sau goma ya yi kunnen uwar shegu. Takarda kuwa, in dai da hatimi a gindinta, ko cewa ta yi ya wuni da ƙafa ɗaya, zai wuni. Idonsa ya yi rauni tuni, amma tabaransa na cikin aljihun tebur, wai na tsofaffi ne.

Shagon burodina, wanda mahaifina ya buɗe, yana bakin unguwarmu ta Lohanger, daidai inda hanya ke saukowa daga gadar sama ta lanƙwasa ta shigo gari. A cikin lanƙwasar akwai fili da muke kira Kunne, don siffarsa ke nan. Shekara da shekaru ba mai kula da shi. Ƙaya, kwalabe, tsofaffin tayoyi, da wata katifa da ta girmi wasu 'yan unguwar a wurin. Duk baƙon da ya zo Lohanger, katifar ce ke fara yi masa maraba.

A watan Janairu hukumar hanyoyi ta aiko mana da takarda. Za ta zuba wa Kunne kwalta ta mayar da shi wurin hutawar tireloli, ta kuma ja katanga mai tsayin mutum uku don tare ƙara. Na duba zanen, na ga katangar ta bi ta ƙofar shagona, taku huɗu daga taga. Wanda ya shigo unguwa ba zai ma san akwai burodi a bayanta ba. Mafita ɗaya aka bar mana: in 'yan unguwa suka gyara wurin da kansu, suka nuna za su iya riƙe shi, za a bar mana. Wata jami'a mai suna Frau Eibl za ta zo ta gani da idonta ranar ɗaya ga Mayu. Na karanta takardar nan sau uku.

Muka taru a ɗakin baya na gidan abincin unguwa. Goggo Zenzi, mai shekara saba'in da tara, ta ce abin ba wuya: a yi gayya a kwashe shara, a shuka furanni, a ajiye benci ɗaya. Ita har ta fara yayyafa iri a cikin robobin madara a tagoginta. Kowa ya gyaɗa kai. Sai na ji kujerar da ke kusa da ni ta yi ƙara.

"Furanni," in ji Korbi, ya soke manyan yatsunsa a ɗamara. "Goggo, furanni ai na maƙabarta ne. Mota dubu arba'in ke bi ta gadar nan kullum. Ni na ƙirga su lokacin ina aiki."

"Daga cikin sito?" in ji Wastl, tsohon mai raba wasiƙu, wanda tun suna makaranta yake tsokanarsa.

"Siton yana da taga. Abin da Kunne ke buƙata shi ne itacen Mayu. Mita ashirin da shida, shuɗi da fari, a tsakiya. Jami'ar nan ta ɗaga kai hularta ta faɗi."

"Na ƙauyen Zeilfing ma ashirin da huɗu ne," in ji Wastl.

"Shi ya sa na ce da shida."

Lohanger ba ta taɓa kafa itacen Mayu ba, wato dogon itacen ado da ƙauyukan yankinmu ke kafawa ranar ɗaya ga watan Mayu, don unguwar shekararta sittin kacal. Ƙauyen Zeilfing da ke tsallaken gada kuwa tun kakanninsu suke kafawa, kuma sun sace na maƙwabta har goma sha ɗaya. Wastl ya tuna masa da haka.

"Ka san dai in sun ji labari za su zo. Kafin a kafa shi halal ɗinsu ne, in dai ba su fasa ƙofa ko sun doki mutum ba. In suka tsallake iyaka da shi, sai ka ciyar da duk ɓarayin ka shayar da su kafin su dawo da shi."

"In kuma mai gadi ya ɗora hannu a kai ya ce 'Itacen nan yana nan', sai su sauke su tafi gida," in ji Korbi. "Hannu ɗaya, magana ɗaya. Ni da na taɓa tsayar da tirela da ɗan yatsa?"

"A fake take," na ce.

"Burgi, ana maganar maza."

Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Maza suka ji an ambaci wuce Zeilfing da mita biyu, hankalinsu ya tashi, aka ɗaga hannuwa. Korbi ya fito daga taron yana shugaban gayya.

Asabar ta farko a watan Afrilu ya zo da hayar ƙaramar motar haƙa, zai haƙa ramin itacen. Wastl ya miƙa masa taswirar da hukuma ta haɗo da takardarta, mai nuna inda bututun ruwa ya bi. Da yake taswirar ba ta da hatimi, ya ninke ta ya share madubin motar da ita.

"Bututun yana cikin kaina," ya ce.

A sara na uku ya same shi. Ruwa ya yi tsiri sama ya kusa taɓa gada, ya dawo kan masu kwasar shara. Katifar nan, wadda mutum huɗu suka sha wuya kafin su ɗaga, ta jiƙe ta zama sai mutum takwas. Layi uku suka wuni ba ruwa, ƙullun burodina ya bushe a kwano.

"Gwadawa nake in ga ko wurin zai karɓi maɓulɓula," in ji shi, ruwa na ɗiga daga hancinsa.

"To ya karɓa?" in ji Wastl.

"Ana nazari."

Asabar ta biyu Goggo Zenzi ta ce tana son busasshen taki, baro biyu. Korbi ya ce baro na masu ƙaramin tunani ne. Ya buga wa wani manomi waya, sai ga tarakta ta jawo tankin ruwan kashin shanu, irin wanda ake fesa wa gona mai eka ashirin. Manomin ya dubi tutar da ke kan shagona tana kaɗawa ya ce a bari iska ta kwanta. Korbi ya lashi yatsa ya ɗaga sama ya ce iskar gabas za ta yi. Yamma ta yi. Shanyar gida bakwai, motocin da aka ajiye, tagar shagona, da karen Wastl, babu wanda bai sami rabonsa ba. Kwana huɗu ba wanda ya zauna shan kofi a ƙofata.

"Yanzu ko makaho ya san ya iso Lohanger," in ji Wastl.

"Ƙamshin arziki ne," in ji Korbi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Asabar ta uku matan unguwa suka yi dabara. Suka ce zaɓen itace a daji aikin gwani ne, ba mai iyawa sai shi. Yana tafiya da mazansa muka duƙa. Goggo Zenzi ta sa aka kwaso robobinta ɗari uku da wani abu, waɗanda ta yi rainonsu duk tsawon sanyi, tana juya su wajen rana safe da yamma. Tana nuna wa kowa da sandarta inda zai sa, tana kiran kowane fure da sunansa. Kafin la'asar Kunne ya zama wurin da mutum zai tsaya ya kalla. Muka ajiye bencin, na zauna a kai, na ji ƙwalla ta zo mini, don tun ina yarinya ban taɓa ganin ƙasar wurin ba sai shara.

Muna zaune muka ji hon. Korbi ne ya taho da itacen, ya ce a bi ta ƙarƙashin gada don ya fi kusa. Itace mai mita ashirin da shida ba ya shan kwana. Ya tokare kai a ginshiƙi, gindi a shinge, motoci suka yi layi har inda ido ya ƙare. Awa biyu yana tsaye a tsakiya cikin falmaransa yana kaɗa jar tuta, yana gaya wa direbobi su yi haƙuri aikin hukuma ne. A ƙarshe mutum ashirin suka sauke shi suka ɗauko a kafaɗa, aka kwantar da shi kan gumagumai a doguwar rumfar da ke gefen shagona. Aka fere shi, aka yi masa fenti shuɗi da fari mai murɗewa. Gaskiya ya yi kyau.

Korbi ya tsara jadawalin gadi mai shafi huɗu. Ya ba wa kansa daga sha ɗaya na rana zuwa biyu, ya ce shi ne lokaci mafi haɗari don mutane na cin abinci. Ni na san dalili: lokacin ne rana ke faɗowa kan kujerar da ke bakin rumfar.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, ina cikin shago ina murza ƙullu da tsakar rana sai na ji tarakta ta tsaya. Na leƙa. Maza takwas ne cikin falmaran mai ruwan lemo da hular kwano, tarakta na jan doguwar tirela. Na gabansu yana riƙe da allon takardu. Korbi ya miƙe tsaye har da haɗe duga-dugai.

"Herr Haslbeck?" in ji mai allon. "Daga sashen binciken dogayen itatuwa. An ce kai ne shugaba a nan."

"Ni ne. Ni ma tsohon ma'aikaci ne, shekara ashirin da shida."

"An gaya mana. Sunanka ba baƙo ba ne a ofis. Duk itacen da ya wuce mita ashirin da biyar sai an kai shi an gwada ƙarfinsa. Za a dawo da shi ranar ɗaya ga wata, ƙarfe goma. Ga takarda, ga hatimi. Sa hannu a nan."

Korbi ya miƙa takardar nesa da fuskarsa, ya matso da ita, ya ga dai akwai zagayayyen abu mai shuɗin tawada a ƙasa. Ya sa hannu.

"Da ma ina mamakin da ba ku zo da wuri ba," ya ce. "A zamaninmu da tuni."

Muryar mai allon ce ta tsaya mini. Na goge tagar da gwiwar hannu na ƙara dubawa. Girgl Stadler ne na Zeilfing. Ni na yi kek ɗin bikinsa, hawa uku. Na yar da muciya na fito a guje, hannuna duk gari.

Sun riga sun ɗaga itacen. Mijina yana can gindi, ya rungume shi da hannu biyu, yana ba da umarni.

"Korbi, hannunka na kai," na ce. "Faɗi maganar."

"A hankali, a hankali, ku tafi da shi," in ji Korbi.

"Ba wannan ba. Mutanen Zeilfing ne. Ga Girgl nan."

"Ki yi haƙuri da ita, ranka ya daɗe," ya ce wa Girgl. "Zafin tanda ne."

Na ce to ni ma 'yar Lohanger ce, hannuna ma hannu ne. Na yi tsalle zan dafa. Saura ɗan yatsa in taɓa, sai na ji an fizgo ni ta igiyar rigar aikina. Mijina ne.

"Ba a taɓa kayan da ke hannun hukuma, Burgi. Kina so a rufe miki shago?"

Ya riƙe ni har suka ɗaure itacen. Sannan ya sake ni ya ɗauki jar tutarsa ya shiga tsakiyar titi ya tsayar musu da motoci. Ya ma nuna musu yadda za su kauce wa kwanar da ta tokare shi. Iyakar unguwa ita ce gada, taku ɗari daga shago. Na bi su da gudu, takalmina ɗaya ya cire, ina isa bakin gada gindin itacen na ficewa ta ɗaya gefen. Girgl ya cire hular kwanon ya ɗaga mini.

"Frau Haslbeck, har yau matata na zancen kek ɗin nan."

Na dawo ina ɗingishi na karɓi kwafin takardar da suka bar masa. Ban ma karanta rubutun ba, hatimin na duba.

"Korbi, mene ne wannan a tsakiya?"

"Zakin jiha."

"Zaki mai dogayen kunnuwa? Da karas a baki?"

"Sabon zane ne. Ba ki san harkar ofis ba."

Banza ba ta kai zomo kasuwa, balle ta kai shi kan hatimi. Kafin yamma duk unguwa ta ji, ban da mutum ɗaya, wanda ke zagayawa yana gaya wa kowa itacenmu ne kaɗai a gundumar da ya kai tsayin da za a bincika. Ba wanda ya yi masa musu. Ni kuwa ba dariya ce a gabana ba, katanga ce. Na aika Wastl Zeilfing ya yi cinikin fansa, aka tsaya a kan gasassun kaji arba'in, ganga biyu ta giya, da burodin gishiri iya cinsu. Na roƙa su kawo itacen da sassafe, shiru, kafin jami'ar ta iso. Girgl ya aiko da amsa cewa kakansa bai taɓa mayar da itace ba tare da badujala ba, shi ma ba zai fara ba.

Ranar ɗaya ga Mayu gari ya yi kyau, warin ma ya ragu. Frau Eibl ta iso tara da rabi, 'yar ƙaramar mace mai jakar fata da tef ɗin awo, ba ta da yawan magana. Ta zagaya Kunne, ta duƙa ta taɓa ƙasa, ta zauna a benci ta tashi. Ta tambayi Goggo Zenzi wa zai riƙa ban ruwa, Goggo ta nuna mata jerin sunaye. Na ga ta ciro alƙalami ta cire masa hula. Zuciyata ta fara kwanciya.

Sai ga Korbi, cikin gajeren wandon fata na biki, ya ɗora falmaran a kai.

"Barka da zuwa, abokiyar aiki. Ya sakamakon itacenmu?"

"Wane itace?"

"Wanda yaranku na sashen binciken dogayen itatuwa suka ɗauka."

"Ba mu da sashe mai wannan suna."

"Wataƙila ba a sanar da ƙananan ma'aikata ba tukuna," in ji Korbi, yana dafa mata kafaɗa.

Ta dubi hannun har ya janye shi. A daidai nan badujala ta tashi daga ƙarƙashin gada. Duk Zeilfing ce ta taho, maza da wandon fata, mata da rigunan biki, tarakta a gaba an yi mata ado da ganye, itacenmu a kwance a baya. A kansa an ɗaure wani ƙaton zomon tsumma sanye da falmaran mai ruwan lemo. Motocin da ke kan gada suka rage gudu suna kallo. Girgl ya hau tirelar, ya ɗaga hannu kiɗa ya tsaya, ya warware takarda.

"Jama'ar Lohanger, kada a ce mun yi sata. Ga shaida. 'Ni Korbinian Haslbeck, da hankalina da lafiyata, na miƙa itacen Mayun unguwarmu ga Ƙungiyar Masu Kiwon Zomo ta Zeilfing, kuma na yi alkawarin taya su ɗauka.' Ya cika alkawari, jama'a. Shi ya ɗauki gefen da ya fi nauyi."

Dariyar da aka yi, har mai busa babban ƙaho sai da ya zauna a ƙasa. Wastl ya riƙe ciki ya jingina da fitilar titi. Fuskar Korbi ta yi ja har wuya.

"Tarko na ɗana muku," ya ce. "Na so ku ajiye mana shi kwana biyu ku yi mana gadi kyauta."

"Kaji arba'in ne kyautar?" in ji Wastl.

"Kai ka iya raba wasiƙa, ni na iya dabara. Ku matsa, yanzu za ku ga aiki. Direba, juyo da baya, ni zan shigar da kai."

"Korbi, bar shi a bakin titi," na ce. "A ɗauka a kafaɗa."

Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho. Ya zaro jar tutarsa ya tsaya a gaban tarakta, inda yake ganin direba sarai amma ba ya ganin abin da wutsiyar itacen ke yi mita ashirin da shida a baya. Yana kaɗa tuta yana cewa a taho, a taho, akwai wuri. Mutane na ihu a tsaya, shi yana zaton kirari ake masa. Wutsiyar ta shara ta kwashe bencin ta kifar. Tayoyin tirela suka hau kan furanni suka bi layi biyu suna niƙewa. Sannan tayar tarakta ta baya ta sami daidai wurin da ya fasa bututu, inda ƙasa ba ta gama ƙanƙamewa ba, ta nutse har gindi. Tirelar ta karkata, itacen ya mirgino ya kwanta a kan abin da ya rage.

Goggo Zenzi ta taka da sandarta ta shiga, ta duƙa da ƙyar, ta ɗauko wani ɗan fure mai ruwan ɗorawa da taya ta raba biyu. Tana ta ƙoƙarin miƙar da shi da yatsa. A shekara talatin da ɗaya na sha jin haushin mijina, amma ranar ce na fara jin kunyarsa.

Frau Eibl ta mayar wa alƙalaminta hula. Ta ja tef daga ramin itacen zuwa bakin kwalta, ta duba.

"Mita sha tara. Itacenku ashirin da shida. In ya faɗi, kan hanya zai faɗi. Ba za a kafa shi a nan ba ko da an gwada ƙarfinsa. Kuma takardarmu tsabta da shuka ta ce, ba wanda ya nemi itace." Ta dubi filin. "Abin da na gani ɗazu zan iya sa masa hannu. Wannan ba zan iya ba."

"A zamaninmu," in ji Korbi.

"Rufe bakinka, Korbinian," na ce. Ya rufe, don sau biyu kawai na taɓa kiransa da cikakken suna.

Na juya wajen jami'ar. "Frau Eibl, takarda ta ce ranar ɗaya ga Mayu. Ta faɗi ƙarfe nawa?"

Ta duba. "Ba ta faɗa ba."

"To ga kujera, ga kaza." Na juya wajen Girgl. "Kai kuma, al'ada ta ce wanda ya sace itace shi zai taya kafa shi, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"Tunda ba za a kafa a nan ba, hannuwanku na nan ba su yi aikin komai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba wanda zai ga ƙafar kaza sai Kunne ya koma yadda yake."

"Frau Haslbeck, ciniki ya riga ya faɗa."

"'Yarka za ta yi aure a watan Yuli. Ka yi tunanin wa zai yi kek."

Ya dubi Goggo Zenzi da furenta, ya cire hularsa ta biki ya rataye a kan zomon. Maza arba'in suka ɗage itacen suka fitar, suka ciccibo tarakta daga rami. Matan Zeilfing suka koma gida da motoci suka kwaso tukwanen furannin da ke tagoginsu, namu ma suka kwaso nasu. Aka ga ƙarti da wandon fata sun durƙusa cikin taki suna tambayar Goggo ko nan ya yi, ita kuwa tana ƙwanƙwasa musu sanda tana cewa ba haka ake dasa abu mai rai ba. 'Yan badujala suka gyara benci. Korbi ya yi yunƙurin ɗaukar shebur sau biyu, sau biyun Wastl ya zauna a kai.

Ƙarfe uku Frau Eibl ta goge maiƙon kaza daga yatsunta, ta sake zagayawa, ta sa hannu, ta ciro hatimi daga jaka ta buga. Shekara biyar, ba kwalta, ba katanga. Na shiga shago na rufe ƙofa na yi kukana ni kaɗai, sannan na fito da burodi. Itacen kuwa da yamma aka kafa shi a filin ƙwallo, inda ko ya faɗi sai dai ya kashe ciyawa.

Ba a yi mako ba, muna karin kumallo, Korbi ya shimfiɗa wani zane a kan tebur. Tafkin kifi ne a tsakiyar Kunne, da 'yar gada a kai. Ya ce ramin ma ya riga ya haƙa rabi. Na ce Allah ya ba da sa'a.

Bayan kwana biyu Wastl ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya sa tsohuwar hularsa ta aiki, ya miƙa masa doguwar ambulan. Korbi ya ba ni in karanta masa, wai hannunsa da man shanu. Takardar ta ce, bisa la'akari da gogewarsa ta shekara ashirin da shida, an naɗa Herr Korbinian Haslbeck Babban Mai Sa Ido na Kunne. Saboda girman muƙamin, an haramta masa taka cikin filin ko riƙe kowane irin kayan aiki. Zai yi aikinsa daga bakin titi. Ya karɓa ya miƙa ta nesa da fuskarsa, ya ga zagayayyen abu mai shuɗin tawada, ya miƙe tsaye.

Yau shekara uku ke nan. Duk Asabar yana bakin titi cikin falmaransa, yatsun ƙafarsa daidai gefen dutse, yana ba da umarnin da ba mai ji, furanni kuwa sai ƙaruwa suke. Ya sa takardar a gilashi ya rataye a falo, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ya ce a duk jihar nan shi kaɗai aka taɓa ba wannan muƙami. Gaskiya ya faɗa.

Aron hatimin zomon da na buga wa takardar, faranti biyu na kek Girgl ya karɓa. Tabaran kuma na daina yi wa Korbi mitarsa. Na ma canza masa wuri, yana can ƙasan buhun gari.